Gano Tangarɗa a Gaurayen Tsarin Na'urori: Matsalar Gaɓar Sauyin Yanayi

Tsakure

Na'urorin da ake dogara da su a yau, daga jirgin sama har injin turo ruwa, tafiya biyu suke yi a lokaci guda. Akwai abin da ke gudana a cikinsu ba yankewa, kamar zafi da gudu da tsayin ruwa. Akwai kuma abin da ke tsalle daga wani yanayin aiki zuwa wani, kamar makunni da bawul da umarnin manhaja. Irin wannan na'ura ita ake nufi da gaurayen tsari. Takardar ta nazarci dalilin da ya sa gano tangarɗa da tantance tushenta ya fi wuya a irin wannan tsari. An yi amfani da misalin tankin ruwa da sakamakon binciken wasu haɗurra, musamman asarar kumbon Mars Polar Lander a 1999. Matsayin takardar shi ne haɗarin ya fi taruwa a gaɓar sauyin yanayi, don haka bai kamata manhaja ta yarda yanayi ya sauya bisa sigina ɗaya ba, sai ɓangaren da ke gudana ya gaskata ta.

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya karanta ilimin sarrafa na'urori ya san dabarar da aka gina gano tangarɗa a kanta. Ana rubuta samfurin lissafi da ke hasashen yadda lafiyayyar na'ura za ta yi, a auna abin da take yi a zahiri, a debe wannan daga wancan. Abin da ya saura shi ne giɓi. In giɓin ya tsaya kusa da sifili, lafiya lau. In ya haura iyakar da aka sa masa, sai a buga ƙararrawa. Daga nan aiki na biyu ya fara, wato tantancewa: wane ɓangare ne ya lalace, tun yaushe, kuma ɓarnar ta kai ina.

Dabarar tana da wani sharaɗi da ba a cika faɗa ba, shi ne samfurin guda ɗaya ne kuma an san shi. Gaurayen tsari ya rushe wannan sharaɗi, domin kowane yanayi da nasa lissafin. Kafin a ce na'ura ta kauce wa samfurinta, dole a san samfurin da ya dace da ita a wannan daƙiƙar. Su kuwa ma'aunan da za su faɗi yanayin da take ciki, su ne dai waɗanda ake zargi da tangarɗar. Tambayoyi biyu ke nan da kowacce ke jiran amsar 'yar'uwarta, kuma a nan gizo ke saƙar.

2.0 Abin da tankin ruwa ke nunawa

A ɗauki tankin ruwa irin wanda ake ɗorawa a kan ƙarafa kusa da rijiyar burtsatse a makaranta ko asibiti. Don sauƙin lissafi, a ce faɗin gindinsa murabba'in mita 2 ne, ta yadda kowace santimita ɗaya ta tsayi ta yi daidai da lita 20. Inji yana zuba lita 40 a minti, famfunan ƙasa kuma in an buɗe su suna janye kimanin lita 20 a minti. Akwai makunni mai ƙwallo da ke yawo a kan ruwan, yana tayar da injin in ruwa ya sauka zuwa santimita 50, ya kashe shi in ya kai 180. Alƙaluman na misali ne kawai.

Tankin yana da yanayi huɗu. Inji a kunne famfo a rufe, ruwa yana hawa santimita 2 a minti. Inji a kunne famfo a buɗe, yana hawa santimita 1. Inji a kashe famfo a rufe, ruwa yana nan yadda yake. Inji a kashe famfo a buɗe, yana sauka santimita 1.

To, a ce kwamfutar da ke lura ta ɗauka inji a kunne yake famfo a rufe, sai ma'aunin tsayi ya nuna hawan santimita 1 maimakon 2. Giɓi ya bayyana, amma yana da fassara uku. Ko dai wani ya buɗe famfo, wanda sauyin yanayi ne na halal, ba tangarɗa ba. Ko tankin ya huje yana zubar da lita 20 a minti. Ko kuma ƙarfin injin ya ragu zuwa rabi, wataƙila saboda rijiyar ta ja baya da rani. A wannan yanayin, dukkansu lamba ɗaya suke bayarwa, kuma ko an sayo ma'aunin tsayi mafi tsada ba zai raba su ba.

Abin da zai raba su shi ne sauyin yanayi. Da zarar inji ya tsaya, raunin inji ya ɓace daga lissafi, ruwa ya tsaya cik. In kuwa huji ne ko famfo, ruwa zai ci gaba da sauka. A rufe babban bawul ɗin fita, a sake dubawa, sai huji ya fito fili shi kaɗai. Wannan shi ne alherin gaurayen tsari da ba a cika ambata ba: tangarɗar da ta ɓuya a wani yanayi tana tonuwa a wani. Mai lura da ke da ikon kashe injin na minti biyar da gangan ya fi wanda ke zaune yana kallo kawai.

Hujin ma yana da nasa abin lura. Tun ƙarni na 17 Torricelli ya nuna cewa gudun ruwan da ke fita ta huji yana bin tsayin ruwan da ke samansa. Don haka in hujin yana santimita 90, zubar za ta riƙa raguwa har ta tsaya sa'ad da ruwa ya iso wurin. Tangarɗar ta ƙirƙiri sabuwar iyakar yanayi da babu ita a zanen injiniya. Wanda ya sa wannan a samfurinsa zai iya faɗin inda hujin yake ba tare da ya hau tsani ba.

Mafi muni shi ne in ƙwallon makunnin ya maƙale. Ruwa ya wuce santimita 180 yana ci gaba da hawa santimita 2 a minti, daidai yadda samfurin inji a kunne ya hasasa. Giɓi sifili ne, alhali tanki na dab da ambaliya. Babu laifi a gudanar, laifin shi ne tsallen da ya kamata a yi ba a yi ba. Mai lura da ke karɓar yanayi daga bakin makunni ba zai ga komai ba.

Sai kuma 'yan daƙiƙun da ke biyo bayan kowane sauyi. In inji ya tashi, ruwa yana faɗowa yana kaɗa saman tankin, ma'auni ya yi ta rawa. Don gudun ƙararrawar ƙarya, abin da aka saba shi ne a dakatar da mai lura na ɗan lokaci. Amma a waɗannan daƙiƙun ne motar injin ke jan wuta mafi yawa, kuma a cikinsu ne makunni ya fi maƙalewa. Ana rufe ido ne daidai lokacin da ya fi kamata a buɗe shi.

3.0 Hanyoyin da aka bi

Ilimin ya taso ne daga gidaje biyu da suka daɗe ba sa magana da juna. Gida na farko na injiniyoyin sarrafa na'ura ne. Matacin da Rudolf Kalman ya gabatar a 1960 ya ba da hanyar ƙiyasta halin na'ura daga ma'aunai masu hayaniya. A 1971 Richard Beard, a kundin digirinsa na uku a MIT, ya tsara mataci na musamman da ke sa kowace tangarɗa ta karkata giɓi zuwa wata fuska tata. A 1984 Chow da Willsky suka shimfiɗa yadda za a yi amfani da dangantakar lissafi tsakanin ma'aunai daban-daban don su binciki juna, ba sai an ninka kowane ma'auni ba. Gida na biyu na masu ƙirƙirarriyar basira ne. A 1987 Raymond Reiter, da kuma de Kleer da Williams, suka mayar da tantancewa aikin manɗiƙi: a nemo ƙaramin rukunin sassan da in aka ce sun lalace, saɓanin da ke tsakanin samfuri da awo zai kau. A 1995 Sampath da Lafortune da abokan aikinsu a Jami'ar Michigan suka fayyace sharaɗin da zai tabbatar cewa, a tsarin da tsalle kawai yake yi, kowace tangarɗa za ta tonu cikin ƙayyadaddun matakai bayan faruwarta.

Gida na farko ya iya gudana bai iya tsalle ba, na biyu ya iya tsalle bai iya gudana ba. Harshen da ya haɗa su ya samu ne a farkon shekarun 1990, sa'ad da Alur da Henzinger da abokansu suka tsara samfurin da ke ba kowane yanayi lissafinsa, ya kuma ba kowane tsalle sharaɗinsa.

Haɗin bai zo kyauta ba. Na'ura mai bawul 20, kowanne a buɗe ko a rufe, tana da yanayi 1,048,576. Ko da yanayi 3 ne kacal, in ba a ga tsallen da ido ba, hanyoyin da na'urar ka iya bi cikin matakai 20 sun kusa biliyan uku da rabi. Dole a yi yanka. Dabarar Blom da Bar-Shalom ta 1988, wadda ta yi suna wajen bin sawun jirage a kan rada, tana gauraya hasashe a kowane mataki domin yawan mataci ya tsaya daidai da yawan yanayi. Dabarar da Gordon da Salmond da Smith suka gabatar a 1993 tana watsa ɗaruruwa ko dubban hasashe, ta bar waɗanda awo ya gaskata. Raunin wannan a fagenmu sananne ne: tangarɗa abu ce da ba ta cika faruwa ba, don haka hasashe kaɗan ne ke faɗawa yanayin tangarɗa, wani lokaci ma babu ko ɗaya, sai mai lura ya wuce gaskiya bai gan ta ba. A ɓangaren hujjar lissafi kuma, Henzinger da abokansa sun nuna a tsakiyar shekarun 1990 cewa babu wata hanya gama-gari da za ta amsa, ga kowane gaurayen tsari, ko zai iya isa wani hali ko ba zai iya ba. Ma'ana, ba za a taɓa samun manhajar da za ta wanke kowace na'ura daga zargi ba. Dole injiniya ya zaɓi inda zai zuba ƙarfinsa, kuma haɗurran da ke tafe sun nuna wurin.

4.0 Mars Polar Lander

Hukumar NASA ta Amurka ta harba kumbon a ranar 3 ga Janairu 1999, ya isa duniyar Mars a ranar 3 ga Disamba, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ba a tsara shi ya aiko da bayani lokacin saukowa ba, saboda haka abin da kwamitin bincike ya bayyana a Maris 2000 shi ne dalilin da ya fi rinjaye, ba yaƙini ba. Amma dalilin ya cancanci a tsaya a kansa.

Saukar kumbon jerin yanayi ce: shiga sararin iska, buɗe lema, miƙe ƙafafu, sakin lema, saukowa da rokoki, sai taɓa ƙasa. Kowace ƙafa cikin ukun tana da ma'aunin maganaɗisu da ke ba da sigina in ta taɓa ƙasa. Ana son a kashe rokokin cikin kashi 50 bisa dubu na daƙiƙa bayan taɓawa, don kada ƙarfinsu ya kifar da kumbon. Matsalar ita ce girgizar miƙe ƙafafu, wadda ke faruwa tun kumbon na rataye da lema, tana iya sa ma'aunan su ba da siginar ƙarya ta ɗan ƙanƙanin lokaci. Masu ƙirar sun san da haka, shi ya sa aka shar'anta cewa ba za a yi aiki da siginar ba sai kumbon ya sauko zuwa mita 40. Sai dai yadda aka rubuta manhajar, tana karanta ma'aunan tun kafin nan, kuma in ta ga sigina sai ta ajiye alamar cewa an taɓa ƙasa, ba ta gogewa. Da rada ta nuna mita 40, manhaja ta duba alamar, ta tarar da ita a ajiye, ta kashe rokoki. Kumbon da aka tsara ya sauka da gudun mita 2.4 a daƙiƙa ya daki ƙasa da kimanin mita 22 a daƙiƙa.

A lura, babu ma'aunin da ya lalace, babu rokar da ta gaza. Hayaniyar wani tsalle ce ta tsallako ta cika sharaɗin wani tsallen. Kuma a daidai lokacin da manhajar ta yanke hukunci, tana riƙe da labarai biyu masu karo da juna. Rada ta ce mita 40 ne, ita ce ma ta buɗe ƙofar dubawar. Alama ta ce ƙafa tana ƙasa. Kumbon yana saukowa da kimanin mita 13 a daƙiƙa, don haka ko bai rage gudu ba sai ya yi daƙiƙa 3 kafin ya isa. Layi ɗaya na manhaja da ke goge alamar a farkon wannan yanayi, ko wanda ke tambayar ko maganar ƙafa ta dace da ta rada, ya isa ya ceci aikin. An kuma yi gwajin miƙe ƙafafu a ƙasa, amma an yi kuskuren haɗa wayoyin ma'aunan, bayan an gyara kuma ba a maimaita gwajin gaba ɗayansa ba. Kumbon Phoenix, wanda aka gina bisa irin wannan ƙira bayan an gyara kurakuranta, ya sauka lafiya a watan Mayu 2008.

Abin takaici, a watan Mayu na wannan shekara ta 1999 hukumar ta gwada manhajar tantance tangarɗa mai suna Livingstone, ta Williams da Nayak, a cikin kumbon Deep Space 1, ta kuma gano tangarɗun da aka shirya mata. Ilimin yana gidan, bai dai isa ɗakin da ake bukatarsa ba.

Shekara 17 bayan haka abin ya maimaitu da wata kama. A ranar 19 ga Oktoba 2016, ma'aunin juyawa na kumbon Schiaparelli na Turai ya kai ƙarshen abin da yake iya aunawa na kimanin daƙiƙa ɗaya bayan buɗe lema. Kuskuren ya shiga lissafin kwamfuta har ta samu tsayin da ke ƙasa da sifili, wato kumbon yana ƙarƙashin ƙasa. Maimakon ta ƙi wannan amsa, sai ta saki lema, ta kunna rokoki na kimanin daƙiƙa 3 ta kashe, alhali saura kilomita 3.7.

4.1 Wasu fuskokin matsalar

A tashar nukiliya ta Three Mile Island da ke jihar Pennsylvania, ranar 28 ga Maris 1979, akasin haka aka samu, irin na ƙwallon tankinmu. Bawul ɗin rage matsi ya buɗe yadda ya kamata, ya ƙi rufuwa. Fitilar da ke ɗakin sarrafawa ba matsayin bawul take nunawa ba, umarnin da aka aika masa take nunawa. Ma'aikata suka ɗauka a rufe yake, suka fassara duk sauran ma'aunai bisa wannan zato, har suka rage ruwan sanyayawa na gaggawa. Bawul ya yi sama da awa biyu a buɗe, kusan rabin cibiyar tukunyar ya narke. Ma'aunin zafin bututun da ke bayan bawul ɗin yana nuna zafi mai yawa, amma da yake bawul ɗin ya saba ɗan yoyo, ba a ɗauki maganarsa da muhimmanci ba.

Jirgin Boeing 737 MAX ya nuna tsallen ƙarya mai maimaita kansa. Manhajar MCAS tana danna hancin jirgi ƙasa in ma'aunin kusurwar iska ya nuna hancin ya ɗagu da yawa, kuma a lokacin ma'auni ɗaya take saurare alhali jirgin yana da biyu. Mutum 189 suka rasu a jirgin Lion Air na Indonesiya ranar 29 ga Oktoba 2018, wasu 157 kuma a jirgin Habasha ranar 10 ga Maris 2019. Gyaran da aka yi kafin a sake barin jirgin ya tashi a ƙarshen 2020 ya haɗa da kwatanta ma'aunan biyu, in sun saɓa da digiri 5.5 ko fiye manhajar ta janye hannunta.

Haɗarin Air France 447 a Tekun Atilantika, ranar 1 ga Yuni 2009, wanda ya ci rai 228, ya ƙara wani abu da ya kamata ya dami masu wannan fage: shi kansa mai lura gaurayen tsari ne. Ƙanƙara ta toshe bututun auna gudu, na'urar tuƙi ta saki jirgin, kwamfuta ta koma yanayin da babu cikakkiyar kariya. Da jirgin ya fara faɗuwa, ƙararrawar gargaɗi ta yi ta kuka. Amma an tsara cewa in gudun da aka auna ya gaza ƙulli 60, a ɗauki awon kusurwa a matsayin mara inganci, ƙararrawa ta yi shiru. Saboda haka sa'ad da hali ya fi muni sai ta yi tsit, in matuƙi ya sunkuyar da hanci, wanda shi ne daidai, sai ta dawo. Hukumar binciken haɗurran jirage ta Faransa ta kawo wannan cikin rahotonta na ƙarshe a 2012.

5.0 Shaida ta biyu

Alƙali ba ya yanke hukunci mai nauyi da shaidar mutum ɗaya, kuma yadda hukunci ya ƙara nauyi haka sharaɗin shaida ke ƙara tsauri. Wannan ce ƙa'idar da takardar ke ba da shawara a kai. Kowane sauyin yanayi da'awa ce, kuma ɓangaren da ke gudana yana da abin cewa a kanta. In makunni ya ce inji ya tsaya, hawan ruwa ya kamata ya tsaya. In fitila ta ce bawul ya rufe, matsi ya kamata ya daina sauka. In ƙafa ta ce ta taɓa ƙasa, tsayi ya kamata ya zama sifili.

Za a ce tabbatarwa tana cin lokaci, kuma wanda ke da kashi 50 bisa dubu na daƙiƙa ba shi da sukunin bincike. Gaskiya ne akwai ciniki tsakanin saurin ganowa da yawan ƙararrawar ƙarya, kuma tun gwajin tara giɓi da Page ya gabatar a 1954 ake lissafa wannan ciniki. Amma a haɗurran da aka ambata, shaida ta biyu tana nan tun kafin a yanke hukunci, ba jiran ta za a yi ba. Za a kuma ce ƙarin ma'auni ƙarin kuɗi ne da nauyi. Amsar tana cikin aikin Chow da Willsky: sau da yawa shaidar lissafa ta ake yi, ba sayo ta ba. Wutar da motar inji ke ja ta isa ta gaskata ko ta ƙaryata makunni.

Ƙorafi na uku ya fi ƙarfi. In shaidu biyu suka saɓa, wa za a bi? Ba kullum ake iya sani ba, kuma a ganina ba kullum ake bukatar sani ba. Abin da ake bukata shi ne a riga an tantance kuskuren da ya fi araha. Tsallen da ake iya komowa daga gare shi, kamar kunna fanka, ana iya yin sa da ƙaramar hujja. Wanda ba ya komowa, kamar sakin lema ko kashe roka a sama, sai da hujja mai ƙarfi. Yawancin hanyoyin da aka bita a sashe na 3.0 suna neman yanayin da ya fi yiwuwa ne, ba sa tambayar abin da kuskure zai ci. Wannan giɓi ne a cikin ilimin kansa, kuma ya fi cancantar bincike a kan ƙara wa mataci sauri.

Game da koyar da kwamfuta daga tarin bayanai, wanda shi ne yayin yanzu, ina da shakka a wannan gaɓar. Na'ura tana shafe mafi yawan lokacinta a tsakiyar yanayi, gaɓar sauyi 'yan daƙiƙu ce, tangarɗa a gaɓar sauyi kuwa ta fi komai ƙaranci a cikin bayanan. Manhajar da aka horar da irin wannan tari za ta ƙware a inda ba a cika bukatarta ba. Tana da amfani wajen gyara lissafin kowane yanayi, amma jerin tsalle da sharuɗɗansu aikin injiniya ne ya rubuta da hannunsa.

6.0 Kira ga sassan injiniya

Ba sai an je Mars ba. Inbata da ke sauyawa tsakanin sola da batir da wutar NEPA da janareto gaurayen tsari ce cikakkiya, kuma ga ta nan a gidaje da asibitoci da shaguna. In motar firji ko ta injin ruwa ta tashi, takan ja wuta ninkin abin da take ja a tafiya. In kan batir ya yi tsatsa ko ya saki, ƙarfin wuta zai nutse na ɗan lokaci, inbata ta ɗauka batir ya ƙare ta yanke. Da ta yanke ƙarfin ya dawo, ta sake haɗawa. Mai gyara ya zo ya auna a tsakiyar yanayi, ya ga komai daidai, ko kuma ya sa a sayi sabon batir, alhali laifin na waya ne. Bambance batir da ya mutu da kan batir da ya saki yana bukatar awon ƙarfin wuta da yawan wutar da ake ja a daidai lokacin tashin motar, kuma ƙaramar kwamfuta mai araha tana iya ɗaukarsa.

Ina kira ga malaman da ke duba kundayen ɗalibai a jami'o'i da kwalejojin fasaha su daina karɓar aikin gano tangarɗa da aka gwada a yanayi ɗaya kawai. A nemi ɗalibi ya zana duk tsallen da na'urarsa ke yi, ya nuna waɗanda ba sa komowa, ya faɗi shaidar da ke gaskata kowanne, sannan ya jefa tangarɗar a daidai gaɓar sauyi, ya kawo sakamakon.